Abin da Binciken Milwaukee Ya Koya Mini Kan Kama Mai Dukan Matarsa

A karatuna na nazarin aikata laifuka, tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ko kama magidancin da ya doki matarsa yana hana shi sake ɗaga mata hannu. Gwajin da Lawrence Sherman da Richard Berk suka yi a Minneapolis ta Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1984, ya nuna kamun yana rage hakan, kuma ba a jima ba jihohi da dama suka wajabta wa 'yan sanda yin kame. Da aka sake gwajin a Milwaukee daga 1987 zuwa 1988 a kan ƙorafe-ƙorafe 1,200, inda aka yi wa wasu gargaɗi kawai aka kuma tsare wasu, sai lissafin ya canza: kamun ya sa masu aikin yi sun shiga taitayinsu, amma marasa aiki sai abin nasu ya ƙaru.

Darasin da ya fi kama ni ya fito ne a 1997, lokacin da Raymond Paternoster da abokan aikinsa suka koma kan amsoshin waɗanda aka tsare a gwajin Milwaukee. An tambayi kowannensu ko ɗan sanda ya tsaya ya ji ta bakinsa, ko ya saurari ɓangarorin biyu, ko an sa masa ankwa, ko an gwada masa ƙarfi. Waɗanda suka ga an yi musu adalci ba su kai waɗanda suka ji an ci mutuncinsu yawan komawa dukan ba. Hasali ma sun yi kusan daidai da waɗanda aka bari da gargaɗi.

Wannan ba sassauci ba ne, domin da waɗanda suka ga adalci da waɗanda suka ji an ci mutuncinsu duk an rufe su a caji ofis. A fahimtata, mutumin da aka wulaƙanta yakan manta da laifinsa ya riƙe abin da aka yi masa, kuma tun da ɗan sanda ya fi ƙarfinsa, matar da ta kira hukuma ce zai huce a kanta idan an sake shi.

Sai dai akwai inda nake taka-tsantsan. Kame da gargaɗi an raba su ne ta hanyar ƙuri'a, amma adalcin daga bakin mai laifin aka ji shi, kuma mai zafin zuciya yana iya ganin zalunci a ko'ina, ya kuma sake duka saboda halinsa. Masu binciken sun yi la'akari da tarihin laifukan mutanen, duk da haka alaƙar da ke tsakanin ganin adalci da raguwar dukan ba ta gushe ba.