Dagi a bangon falo

Asabar. Na gama bangon falon nan dai, alhamdulillah, kwana uku ina fama. Hunturun Jos ya yi min rana ta wani gefen don kafin in juya fentin ruwan ya bushe, amma yatsuna duk sun faffashe.

Masu tambaya ta yaya na yi, tsohon fim ɗin hoton ƙashi ne na Baban su Auta tun na faɗuwarsa a mashin, shi na zana dagin Arewa a kai na yanke da reza. In manna shi a bango da tef, in dangwala soso a fenti in rage shi a jikin tsohuwar jarida tukun, sannan in yi ta dannawa a hankali, don in soson ya jiƙe da yawa fentin ta ƙarƙashi yake kurɗawa ya ɓata bakin zanen. Biyun farko haka suka yi min, kujera ta rufa musu asiri. Ruwan ƙasa a kan ruwan madara, guda 42 reras. Da na ja baya na kalla sai da na yi guɗa ni kaɗai wallahi.

Bayan la'asar Hajiya ta zo daga unguwar Gangare. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bangon, ta ɗora tafin hannu tana shafawa, ta daɗe.

"Ya yi kyau 'yar nan, Allah ya yi albarka. Sai dai a shafe yake."

Na ce a shafe kamar yaya Hajiya?

Ta ce na gidansu a Zariya tudu gare shi, magini ne ya fitar da shi da hannu tun ƙasar tana ɗanya, aka bi da makuba, shafen nan na bawon ɗorawa. Wai tana yarinya in an aike ta da daddare ba fitila bango take bi da hannu, da zanen take gane ta iso ƙofar Inna. Daga nan ta zauna ta hau tambayar makarantar yara kamar ba ta ce komai ba.

Ni kuwa maganar ta tsaya min a rai. Ba kushewa ta yi ba, na san Hajiya. Amma ban taɓa sanin gidan yana da zane ba, kuma an rushe shi an yi na bulo tun kafin a haife ni, ko hoto babu. Muna firamare an kai mu gidan tarihi na nan Jos, wajen da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya da magini Babban Gwani ya gina, abin da na riƙe daga ranar gyaɗa ce da guje-guje, ban ko taɓa bangon ba. Dagin ma da na yanke a waya na gano shi, alhali ga wadda ta san irinsa da tafin hannunta muna gari ɗaya shekara da shekaru ban tambaye ta ba.

Da za ta tafi na ce ta nuna min yadda yake. Ta kama hannuna ta fara zanawa da yatsa a tafina, ya lanƙwasa ya shige ya fito, sai ta tsaya. Ta sake daga farko ta tsaya a wuri ɗaya. Ta ce "na manta inda yake haɗewa", ta saki hannun.

Taliya kawai na dafa da daddare. Auta ya goga hannu a dagi na ƙasa, ban ma yi faɗa ba.

Bangon korido ban taɓa shi ba tukun, akwai ragowar fim ɗaya. Gobe bayan azahar zan je Gangare da takarda da fensir, ko Goggo za ta tuna inda ya haɗe tunda ta girmi Hajiya.