Abin da zama da iyayen gidan kasuwa ya koya mini a Sakkwato

Duk wanda Allah ya ɗaga a kasuwa har ya zama ubangidan wasu, abin da yake fara rasawa shi ne mai gaya masa gaskiya. Yaransa suna tsoron ɓacin ransa, dillalai suna kallon la'adarsu, dangi suna jiran abin da zai fito daga aljihunsa, abokan sana'a kuwa ba ya so su san inda yake da rauni. Sai ka ga mutum zaurensa cike da jama'a safe da yamma, amma maganar da ke hana shi barci babu wanda ya taɓa jin ta. Wannan ne babban abin da na gane tun da na fara ware lokaci ina zama da masu kasuwanci a nan Sakkwato, muna duba harkokinsu tare, ba tare da na karɓi ko sisi ba.

Ni a harkar fata na tashi, fatar jar akuyar nan tamu da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita tun kafin zuwan Turawa. Abin ya soma ne bayan gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021. Mutanen da na sani, waɗanda shagunansu suka ƙone, suka riƙa zuwa, da farko don jaje da fira, daga baya fira ta koma lissafi. A nan na lura cewa asarar wasu ba ta tsaya a kayan da wuta ta ci ba. Akwai wanda yake bin mutane kuɗi masu yawa amma babu takarda ko ɗaya, shi ma ana binsa a Kano, kuma bai san takamaiman nawa ba ne.

Kusan kowa da magana ɗaya yake buɗe baki: "Alhaji, ni dai jari nika biɗa." Ba na musanta masa. Sai in tambaye shi nawa ce uwar kuɗin da ke hannunsa yau, nawa ke waje, nawa kuma gida ke ci a wata. A wannan tambayar ta ƙarshe ake yin shiru. Aljihun da ake zuba cinikin shago shi ne ake ciro cefane, kuɗin makarantar yara, gudunmawar biki da ragon layya. Mutum yana ganin kuɗi suna shiga kullum, ya ɗauka riba yake ci, alhali jarin yake gutsura. Idan aka ba irin wannan rance, ko daga bankin da ba ya karɓar ruwa ne, bashi kawai aka ƙara masa.

Wani ɗan kasuwar albasa da muka daɗe muna zama ya fi kowa nuna mini yadda abin yake. Yana saye a wajen manoman Goronyo da Wurno lokacin da take arha, ya ajiye a rudu, wato rumfar ajiyar albasa ta gargajiya, ya jira ta yi tsada ya loda zuwa Legas. A lissafinsa riba ita ce tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Wadda ta ruɓe a ajiya, da ramar da buhu ke yi, da kuɗin masu tsinta da masu lodi, duk ba ya sa su. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, komai na sufuri ya tashi, sai ɓarakar ta fito fili. Ban ce masa ya bar albasa ba, don ya fi ni saninta nesa ba kusa ba. Littafi kawai muka buɗe, yana faɗa ina rubutawa, har ya kai inda da bakinsa ya ce rabin abin da yake ajiyewa ya kamata ya riƙa sayarwa da wuri. Da ni na faɗa masa haka tun farko, da ya ce to, ya tafi ya ci gaba da yadda ya saba. Babba ba ya son a koya masa sana'arsa, kuma yana da gaskiya.

Maganar rubutu tana yi mini ciwo ƙwarai. Muna zaune a garin da Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bar mana tarin rubuce-rubuce, amma ka ce wa ɗan kasuwa ya rubuta bashin da ya ba abokinsa sai ya ga kamar ka ce ya zarge shi da rashin amana. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Na ga zumuncin shekara da shekaru ya watse saboda kowa ya riƙe adadi dabam a kansa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Hatta zakkar kayan kasuwanci, kashi ɗaya cikin arba'in, ba ta fita daidai sai mutum ya san abin da ya mallaka.

Akwai kuma inda shawarata ba ta da ƙarfi. Lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu kai kaya ta Illela zuwa Ƙonni sun shiga wani hali. Abin da na iya yi shi ne in haɗa wannan da wancan, in kira wani tsohon abokin ciniki a Kano in ce ga mutumina nan ka saurare shi. Su ma suna koya mini. Wata baiwar Allah mai haɗa yaji da garin kunu, wadda ke zuwa tare da ƙanenta, ita ta nuna mini yadda take karɓar oda ta WhatsApp da yadda ta tsira a ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 saboda ta riga ta saba da tura kuɗi ta waya. Ni kuma na bi da ita hanyar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ta ce, "Baba Alhaji, ashe mutum ɗaya ma yana iya buɗe kamfani?" Na ce mata tun dokar kamfanoni ta 2020 ƙaramin kamfani ba ya buƙatar mutum biyu.

Mutane suna tambayata me ya sa ba na karɓar komai. Wasu sun yi mini tayin kaso a cikin harkarsu, da zuciya ɗaya. Na ƙi, domin ranar da na sa hannu a ribar mutum na shiga sahun waɗanda yake ɓoye wa gaskiya, kuma ba zan ƙara iya ce masa wannan cinikin ka bar shi ba tare da ya yi tunanin inda na dosa ba. Saboda wannan dalilin ne ma ba na zama da mai sayar da fata, sai dai in tura shi wurin wani. Sakkwato ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Idan mutum ya buɗe maka littafinsa ka ga cewa Alhajin da ake yi wa kallon mai kuɗi bashi ya yi masa katutu, to ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mafi nauyi a duk abin da muke taɓawa shi ne bayan rai. Shaguna nawa muka gani a garin nan da suka bi mai su kabari? A raba gado, kowa ya ɗauki nasa, yaran da suka yi shekaru suna bauta su watse ba a sallame su ba, masu amanar kuɗi da waɗanda suka ba da ƙiradi, wato jarin da ake juyawa a raba riba, su zo babu shaida. Dattijo ba ya son wannan zance, sai an bi a hankali. Nakan fara da tambayarsa wa zai iya buɗe shago ya biya masu kawo kaya idan ya tafi aikin Hajji.

Yanzu haka ina tare da wani dattijo mai sayar da kayan gini wanda ya yarda 'yarsa, da ta karanta ilimin akanta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta riƙe masa littattafai. Yayyenta maza ba su ji daɗi ba da farko, amma sun sauko da suka ga ta tono basussukan da aka manta da su. Abin da ya rage shi ne albashinta. Shi yana ganin 'ya ba ta karɓar lada a dukiyar ubanta, ni kuma na dage a yanka mata kamar yadda za a yanka wa bare, a rubuta, don gobe kada wani ya ce daga gado take ci. Mun sa ranar Asabar bayan La'asar mu zauna da babban ɗansa a kan maganar.