Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar Abban yara

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo Abban yara daga asibitin Irada na Jidda, mai jinyar masu shaye-shaye, yana gida Makka tare da mu. Da izininsa nake wannan rubutu. Shi ya ce in faɗi abin yadda yake, tunda rabin unguwar Shara Mansur sun riga sun ji, kowa da irin nasa labarin.

Ƙwaya ce ta kama shi, kaftagon, wadda ake ce wa Abu Hilalain. Direba ne, yana jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, kuma lokacin azumi da aikin hajji mota ba ta hutawa. Wani abokin aiki ya ba shi rabi don kada barci ya sace shi a hanya. Ni dai abin da na gani a gida shi ne mutum ya kwana ya wuni ido biyu, yana cizon haƙora, tuwo ya huce a gabansa bai taɓa ba. In ƙwayar ta sake shi ya faɗi kamar gawa, ya tashi da faɗa. Ya rame har sai da na kai rigunansa tela ya rage. Daga baya zargi ya shigo: ya karɓe wayata yana bincike, ya liƙe taga da kwali wai ana leƙensa. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga Hajiya surukata. Ranar da na je mata da kuka ban san ta inda zan fara ba, ga ni baƙuwa, dangina duk suna Kano. Ta ce, "Ɗiyata, ni na haife shi, amma ba zan bar ki da jikokina ku kwana a ɗakin nan ba." A ɗakinta muka zauna, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ni na kasa riƙe miji ba.

Sai Yaya Babba, wansa. Abin da ya rufe mini baki tsoro ne, don tun 2023 da hukuma ta tsananta kamen masu ƙwaya na ɗauka duk wanda ya yi magana ya kai nasa kurkuku. Yaya ne ya zaunar da ni ya karanta mini sashe na 42 na dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya ta 2005: idan mai shan ya kawo kansa, ko matarsa, ko iyayensa, ko wani ɗan'uwa ya nema masa magani, ba a gurfanar da shi kan shan, da sharaɗin a miƙa abin da ya rage a hannunsa. Yaya da kansa ya ɗaga kujerar mota ya zaro ƙullin ledar, ya lallashi ƙaninsa har ya yarda ya shiga mota. Yaya, Allah Ya raya maka zuri'a.

Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, musamman mai ba da shawarar nan da shi ma ya taɓa sha ya daina. Shi ya gaya mini cewa yawan barci da kuka da baƙin cikin makonnin farko janyewar ƙwayar ce daga jiki, kada in ɗauka ya tsane ni. Wallahi wannan magana ta riƙe ni.

Malam limamin unguwarmu ya yi masa addu'a, sannan ya ce a kai shi asibiti, bai ce aljanu ba ne. Matan adashinmu suka ba ni ɗauka ba layina ba, da shi na biya kuɗin haya. Maƙwabciyata ta riƙa kai yara makaranta tare da nata. Baba daga Kano kullum sai ya kira. Wasu sun ce in nemi takardata, wasu sun ce in yi shiru in rufa asiri. Baba cewa ya yi in fara tsare raina da na yara, sauran a bi a hankali. Ban riƙe kowa ba, na san duk don ni kuka faɗa.

Jinya ba ta ƙare ba. Yana komawa ganin likita, kuma an faɗa mana ƙarara cewa ana iya zamewa, shi ya sa ya ajiye tuƙin dare, yanzu yana shagon Yaya. Masu zuwa dubiya muna maraba da ku, roƙona kawai kada a yi maganar a gaban yara.

'Yan'uwa mata da suka turo mini saƙo a ɓoye, na gani, zan amsa wa kowacce. Kafin nan ku kira 937, layin ma'aikatar lafiya, su nuna muku asibitin da ya fi kusa. Kuma kada ki tunkare shi ke kaɗai lokacin da ƙwayar ke kansa, ki nemi namiji a danginsa wanda yake jin nauyi.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Maman yara, Makka.