Ku bari yara su ji waƙa kafin ku feɗe musu ita

Ƙannena da kuka gama NCE aka tura ku koyar da Hausa a ƙaramar sakandare, musamman ku da aka ba JS 2 da JS 3, ina so mu yi magana a kan rubutacciyar waƙa, don nan ne na fi cutar da yara lokacin da nake sabon malami, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Yadda nake yi a da, ina shiga aji sai na cika allo da jigo, salo, zubi da tsari, amsa-amon ciki, amsa-amon waje, baiti, ɗango (wato layi ɗaya a cikin baiti), ƙwar biyu, ƙwar biyar, duk abin da aka ɗura mana a kwaleji, yara su yi ta kwafa har minti 40 ɗin ya ƙare, ita kuma waƙar da aka taru dominta ko baiti ɗaya ba a rera ba. In jarabawa ta zo za su kawo maka ma'anar jigo tsaf, amma ka ba su baiti ka ce shin mawaƙin nan fushi yake ko tausayi yake ji, sai aji ya yi tsit. Kalmomin nan ba laifi ba ne fa, malamai irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero sun sha wahala wajen tsara mana hanyar nazarin waƙa, sai dai kayan aiki ne na wanda ya riga ya ji waƙar ta shige shi, ni kuma na ɗauko su na sa a gaba.

To ku ku fara da murya. Waƙar Hausa don a rera ta aka rubuta, Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, ai a bakin masu bara mutane da yawa suka fara jin ta ba a takarda ba, kuma sun gane wa'azi ne mai sa jiki ya yi sanyi ba tare da wani ya koya musu nazari ba. Ku rera, ko muryarku ba daɗi ku daure, in ba za ku iya ba ku nemo wanda ya iya ku ɗauka a waya ku kunna musu. Sau biyu, littafi a rufe. Sannan a buɗe.

Abu na biyu da na daɗe ban gane ba, yaran nan sun riga sun iya gane yanayin magana tun daga gida. Yarinyar da ta taso tana jin habaici a tsakar gida, tana yin gaɗa da dare, ta san lokacin da yabo yake yabo da lokacin da zambo ne aka lulluɓe. Abin da nake yi yanzu, sai na rubuta "sannu da zuwa" a allo, na kira yara uku, na ce ɗaya ya faɗa wa babansa da ya dawo daga tafiya, ɗaya ya faɗa wa wanda ya dawo daga jana'iza, na ukun kuma ya faɗa kamar yadda malamin horo yake faɗa wa wanda ya makara ya tarar an gama asambili. Kalma ba ta canza ba, amma kowa a ajin zai gaya maka na farko murna ce, na biyu jaje, na uku kuwa bulala na tafe. Daga nan sai na ce to a takarda babu murya, me mawaƙi zai yi mu gane? Su da kansu za su fara cewa kalmomin da ya zaɓa, abin da ya kwatanta mutum da shi, maimaicin da yake yi. Sai a lokacin nake ba su sunan abin, kamance ne ko zambo ko habaici, kuma yana zama a kansu.

Ku kuma raba musu jigo da yanayi, ni na sha cakuɗa su. Jigo shi ne a kan me ake magana, yanayi kuma da wace zuciya ake maganar. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duk suka rasu a 1958, kowanne ya yi waƙoƙin faɗakar da mutanen Arewa, amma faɗakarwa tana iya zuwa da zafi, tana iya zuwa da lallashi ko da ba'a, har a cikin waƙa ɗaya ma sai ka ga an buɗe da yabon Allah cikin ƙanƙan da kai, ana zuwa tsakiya murya ta ɗaga. Ku sa su nemo baitin da muryar ta juya.

Wanda ya fi damuna har yau shi ne wata yarinya a JS 2, muna karanta wata waƙa a kan damina, na tambayi yanayinta ina jiran a ce farin ciki don shi ne a takardata, sai ta ɗaga hannu a hankali ta ce ita tsoro ta ji. Na ce ba daidai ba, zauna. Ta zauna, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, kuma ba ta sake ɗaga hannu ba har zangon ya ƙare. Daga baya na koma waƙar na ga akwai ɗangon da ake maganar hadari da tsawa, ashe tana da hujja, ni ne ban tambaye ta ba. Yanzu duk amsar da yaro ya bayar tambayata ɗaya ce, nuna min a wane ɗango ka gani. In ya nuna na ba shi makinsa ko da ya saɓa da tawa, in ya kasa sai mu koma baitin tare, ajin gaba ɗaya, mu sake rerawa.