Kawu da Hajiya a cikin motar kwana

Ƙanen mahaifiyata ya bar Maraɗi tun kafin a haife ni. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa motar bas a birnin Liyon na Faransa, can ya kai matarsa Hajiya, can suka haifi ƴaƴansu. Da ya yi ritaya kowa a gidanmu na Bagalam ya ɗauka dawowa zai yi, ya gina gida a unguwar Zariya nan Maraɗi, ya shimfiɗa tabarma ƙofar gida kamar sauran tsararrakinsa. Sai ga hoto ya shigo wayar Inna: wata farar mota mai tsawo, da ƙofa a gefe, da labule a tagogi, Hajiya na tsaye bakin ƙofar riƙe da buta. Wai abin da Faransawa ke kira kampin-kar ne, ya saya ta hannu.

Inna ba ta ji daɗi ba, kuma har yau ba ta sauko gaba ɗaya ba. Cewa take kuɗin nan sun isa fili da gini, mutum da furfura ya koma kwana kan hanya. Maganarta tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ni ce nake yawan magana da Hajiya ta WhatsApp, kuma abin da nake ji cikin muryarta ya sa na tsaya bayansu.

Motar ba ta wuce tan 3.5 ba, saboda haka lasin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta. Ciki akwai gado, da murhun gas mai kai biyu, da firji, da ɗan banɗaki, da farantin sola a bisa rufi. Tankin ruwanta lita ɗari ne ko kusa da haka, kuma a nan rayuwar take. Da shi za a yi girki, da wanke-wanke, da wanka, da alwala sau biyar ta mutum biyu. Hajiya ta ce maƙwabtansu Turawa sai sun sha wuya kafin su koyi tattalin ruwa, ita kuwa da ta tashi tana jiran ɗan garuwa ba wanda ya koya mata. Masai ɗin ƙaramin akwati ne da ake zarowa ta waje, a kai wurin da aka tanada a zubar bayan kwana biyu ko uku. Kawu ne ke wannan aikin, bai taɓa bar mata ba. Da ta faɗa mini haka na daɗe ina juya maganar.

Idan sanyi ya kama, wajen watan Nuwamba, sai su bi sahun dubban tsofaffin Turai masu gangarawa Maroko. Daga Liyon zuwa Aljeziras, a ƙarshen ƙasar Isfaniya, ya haura kilomita 1,700, amma ba sa gaggawa. Sun tsaya Kurɗuba sun shiga babban masallacin da sarkin Andalus Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa a shekarar 785, wanda ya koma coci tun 1236. Kawu ya ce ya tsaya tsakanin ginshiƙan nan ya kasa cewa komai, ga mihrabi yana kallo amma ba a yarda a yi salla ba. A Garnaɗa suka samu jam'i, a masallacin da aka buɗe a 2003 bisa tudun da ke fuskantar fadar Alhamra. Daga Aljeziras sai jirgin ruwa, mota da mutanenta, awa ɗaya da rabi zuwa tashar Tanja.

Abin da Hajiya ta fi so a duk tafiyar shi ne Fas. Mahaifinta ɗan Tijjaniyya ne, tun tana yarinya take jin sunan garin a bakin masu wazifa. Ta ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815 aka rufe shi a can, ta tarar da ƴan Senegal da ƴan Najeriya cike da wurin. Ta kira ni daga lungun tana kuka, tana cewa: "Ɗiyata, yau na yi wa Baba addu'a a inda ya yi ta burin zuwa."

Daga Fas suke sauka kudu, Agadir, Tiznit, har Sidi Ifni, inda rana take. A nan suke yada zango na makonni a filayen da aka keɓe wa irin motocinsu. Ana biyan kuɗin kwana, a ja maka wuta, ga famfo, ga wurin wanki. Motoci jere, kowace da rumfarta da kujeru biyu. Da safe mai burodi zai shigo, bayansa mai kifi, wani lokaci mai ɗinkin rigar kujera ko mai gyaran sola. Kowane sabon masauki alƙibla na canzawa, sai Kawu ya duba waya kafin ya daidaita motar yadda darduma za ta samu wuri a gefenta. Da yamma tsofaffin suna wasan bul na jefa ƙwallayen ƙarfe, wanda Kawu ya iya tun yana saurayi a nan Maraɗi. Idan suka fito da kwalabensu shi sai ya hura gawayi ya ɗora shayi, kuma yanzu akwai wani tsoho Bajamushe da ba ya tashi sai ya sha na uku. Hajiya tana tuƙa tuwon simul, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da muke aika mata. Wata ƴar Holan da mijinta ya rasu, take tuƙa motarta ita kaɗai, kusan kullum tare suke ci.

Ba duka ne daɗi ba. Sun taɓa kwana uku bakin gareji suna jiran kayan gyara. Gwiwar Hajiya na damunta wajen hawa matakala, kuma dokar Maroko kwana 90 ta ba baƙo, wanda ke son wuce haka sai ya nemi ƙari. Mutane na tambayata me ya hana shi ƙarasowa gida da motar, tunda da can Turawa na ratso Tamanrasat da Arlit da Agadas har su sayar da Fijo a nan. Hanyar ba ta biyuwa yanzu, kowa ya san dalili. In zai zo, jirgi yake hawa zuwa Yamai.

Ni abin da ya taɓa ni shi ne wurin zaman Hajiya. Duk shekarun Liyon shi yana fita tun asuba, ita tana gida da yara. Yanzu tana gaba, gefensa, ita ke karanta masa hanya, ita ke cewa "Alhaji, mu kwana nan" ya tsaya. Ta ce sai yanzu ta san yana da dogon labari a baki. A unguwarmu idan namiji ya ajiye aiki, fada yake komawa wurin abokansa daga hantsi har magariba, matar tana ciki da jikoki. Iyayena sun fi shekara arba'in tare, ban san wata tafiya da suka yi su biyu kaɗai ba, in ba gaisuwar mutuwa ko biki ba.

Kwanan baya na zauna da Baba na ce masa: "Baba, Inna ba ta taɓa ganin Damagaram ba." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ya tambaye ta. Na yi alkawarin kuɗin mota da na masauki, ƙanena zai riƙe shago. Ya ce a bari a gama girbi. Inna ta ce ita ba ta ce za ta je ba, amma ta aike ni wurin tela da turmi biyu.