Tankin murjani a Kano: ruwa, zafi da ƙwarin da ke zuwa a jikin dutse

Sana'armu haɗa tankin kifi na gilashi a gidaje da ofisoshi, kuma babu wanda ya kai na ruwan gishiri mai murjani (halittar teku mai rai da ke manne a jikin dutse) cin rai. Kifin da murjanin daga nesa suke zuwa, galibi ta Legas, a gajiye suke isowa. In tankin bai nuna ba, wato ruwansa bai gama shirin karɓar su ba, asara ce tun ranar farko.

Ruwan burtsatse, na famfo da na 'yan garuwa duk ba sa yi, domin suna iya ɗauke da silika, fosfet da naitiret, abincin gansakuka ke nan. Sai an tace da injin tace ruwa na RO/DI har mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ta nuna sifiri. Gishirin miya ma ba ya aiki, akwai na musamman da ake sayarwa don wannan aikin. Ana zuba kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, a bar famfon kaɗa ruwa yana juya shi a duro ya kwana, ma'aunin gishirin ruwa ya tsaya kan 1.025. Da hunturu ruwa yana saurin ƙafewa amma gishirin yana nan, saboda haka ciko da tataccen ruwa zalla ake yi. Masu ciko da ruwan gishiri su ne ke kiranmu wai murjani ya ƙi buɗewa.

Murjani yana son digiri 25 zuwa 26. A Afrilu garin nan yakan haura 40, kuma da ruwan ya daɗe sama da 29 sai murjani ya fara koɗewa. Fanka ba ta isa a bazara, sai injin sanyaya ruwa. Famfon da ke kaɗa ruwa kuma dole ya hau inbata ko sola, don in aka ɗauke wuta ruwan ya tsaya cik, cikin 'yan awanni iskar shaƙa take ƙarewa. Wanda bai shirya wa wannan ba mukan ce masa: Alhaji, a haƙura da murjani, a yi na ruwan daɗi.

Bayan an jera dutse da yashi, tankin zai zauna sati 4 zuwa 6 babu kifi, har gwaji ya nuna amoniya da naitirait, sinadarai masu guba ga kifi, sun koma sifiri. Ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke rufe yashi a makonnin farko ba cuta ba ce, wata irin gansakuka ce, silika take ci, in ta cinye za ta tafi.

Ƙwari kuwa a jikin dutsen teku da gindin murjani suke shigowa. Mafi naci ita ce aiptasia, 'yar halitta mai ruwan ƙasa-ƙasa, jikinta kamar gilashi, da siraran hannaye masu harbin murjanin da ke kusa. Ana taɓa ta sai ta shige rami. Kada a kankare ta, domin kowane ɓurɓushi sabuwa zai zama. Ana kashe famfo, a dama garin kalkwasser (farar ƙasa ta musamman ta tanki) ya yi kauri kamar kunu, a ja a sirinji, a kusanto a hankali a zuba mata a baki. Bayan minti 15 a kunna famfo. Kaɗan-kaɗan ake yi a rana, don garin yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa. In dutsen ƙarami ne, fitar da shi waje ya fi sauƙi. Jatan landen da ake kira peppermint yana cin ƙananan aiptasia, amma ba kowanne ba, in ya ƙoshi da abincin kifi ko kallonsu ba ya yi.

Gansakuka mai kumbura kore-kore a murɗe ta a cire ba tare da ta fashe ba. Jajayen tsutsotsi masu faɗi a zuƙe su da siririn tiyo kafin a sa magani, saboda in suka mutu da yawa lokaci guda gubarsu tana kashe kifi. Tsutsa mai gashi a bar ta, ragowar abinci take sharewa, sai dai a sa safar hannu. Kuma kada a kuskura a tafasa dutsen teku: wasu nau'in murjani suna da guba mai tsanani da ke bin tururi.

Sabon murjani sai an tsoma shi a ruwan magani na 'yan mintuna, an ɗauraye, sannan ya shiga. Sabon kifi kuma ya yi wata guda a ƙaramin tanki daban. In farin ɗigo ya fito masa, a can ake ba shi maganin jan ƙarfe, don a babban tanki maganin zai kashe murjani da jatan lande, ya kuma kama dutse. In cutar ta riga ta shiga babban tankin, sai an kwashe kifin duka an bar shi kwana 76 babu kifi.

Maganin sauro na feshi ma ba ya shiga ɗakin tanki ko kaɗan. Injin kumfa mai tace datti iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa, kuma jatan lande ne ke fara mutuwa.