Irin da aka gasa kafin ya iso teburina

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin gwajin iri in kama gabana. Duk wanda muka yi aiki tare ya san abin da ya faru da irin wiwin masana'antu (wanda ake nomawa don zare da mai, ba don sha ba) na kakar bara, sai dai yawanci daga bakin mutum ɗaya suka ji labarin. Ga nawa ɓangaren, musamman saboda wanda zai gaje ni.

Irin wiwi ba ya nuna a lokaci guda. A kan zangarniya ɗaya na ƙasa ya yi duhu, ya ƙosa, har ya fara kakkaɓewa, na sama kuwa yana nan kore shar, cikinsa ruwa-ruwa. Ka ce za ka jira na sama, na ƙasa ya zube ko tsuntsaye su riga ka. Shi ya sa ake girbi idan wajen kashi 70 cikin 100 ya nuna, kuma abin da ke shigowa daga gona gauraye yake da ɗanyen iri da ganye da ɓawo mai danƙo. Danshinsa kan haura kashi 15. Ga shi kusan kashi 30 na ƙwayar mai ne, mai kuwa ba ya riƙe ruwa, don haka ruwan yana taruwa ne a ɗan sauran naman. Danshin da hatsi zai jure, wannan irin ba zai jure ba. A tara shi wuri ɗaya, cikin awoyi kaɗan ya ɗau zafi, hunhuna ta biyo baya. Dole a fara busar da shi ranar da aka girbe, a sauke danshin zuwa wajen kashi 8 ko 9.

Ban taɓa musun cewa akwai gaggawa ba. Injin busarwa ɗaya muke da shi, mota na ta sauke kaya, mai saye na jira. Abin da shugaban sashenmu ya yi shi ne ya sa aka ɗaga zafin injin ya kusanci digiri 60 a ma'aunin Celsius. Irin da za a shuka ba a son iskar da ke busar da shi ta wuce wajen digiri 40, kuma iya jiƙarsa iya saurin da zafi zai kashe ɗan tsiron da ke ciki. Na same shi a bakin injin na ce, "Yallaɓai, wannan zafin ya yi wa irin shuka yawa." Ko kallona bai yi ba ya ce, "Malam, aikinka ƙirga tsiro ne. Bar mana inji."

Irin ya fito fes, mai sheƙi da zane-zanen nan masu duhu. Da ido babu wanda zai ce da matsala. Na yi gwaji bisa ƙa'idar ISTA, ƙungiyar gwajin iri ta duniya: ƙwaya 400, an raba gida huɗu ɗari-ɗari, a kan jiƙaƙƙiyar takarda, zafi na sauyawa tsakanin digiri 20 da 30, ƙirgar farko rana ta 3, ta ƙarshe rana ta 7. Ko rabi bai tsiro ba. Cikin wanda ya tsiro ma da yawa saiwarsu ta tsugune, ba za su kai labari a gona ba.

A taron da aka kira, a gaban kowa, shugaban ya ce ni na yi azarɓaɓi. Wai sabon iri barci yake yi, na gwada shi lokaci bai yi ba, kuma na cika wa takarda ruwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne maganar tasa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta shiga kunnen mutane. Lallai irin da aka girbe yanzu-yanzu kan yi nawa wajen tsirowa, idan ya huta 'yan makonni a busasshen wuri mai sanyi sai ka ga ya gyaru. Wiwin da ke fitowa da kansa a daji ya fi wannan hali, wanda aka daɗe ana nomawa kuwa ya rabu da yawancinsa. Amma wanda ya zauna a teburin nan ya san mai barci daga matacce. Mai barci yana nan da tauri a kan takarda, tsaf da shi. Matacce laushi yake yi, ya yi hunhuna, ka matsa shi da yatsa ya fashe. Nawa fashewa suka yi ta yi.

Ban tsaya gardama ba. Na yi gwajin tetirazoliyam, wanda Georg Lakon ya kafa a Jamus tun shekarun 1940: a jiƙa iri, a tsaga, a tsoma a ruwan sinadarin, mai rai ya rine ja ko da barci yake yi. Yawancinsu fari fat suka zauna. Sannan ina da wani ɗan samfuri da na ɗiba daga mota kafin a zuba a inji, na baza a kan raga a inuwa, fanka na kaɗa shi. Gona ɗaya, girbin rana ɗaya, takarda ɗaya, hannu ɗaya ya shuka. Wannan ya tsiro gwanin sha'awa.

Na haɗa rahoto da hotuna na miƙa. Ba a karanta shi a kowane taro ba. A takardar auna aikina ta ƙarshen shekara an rubuta cewa ina da gaggawa wajen gwaji, kuma har yau tana nan a fayil. Bana kafin girbi sai ga sanarwa daga ofishin shugaban cewa kada zafin inji ya wuce 40, an manna a bango da sa hannunsa. Na ji daɗi saboda irin. Amma ƙarya nake idan na ce abin ya bar raina.

Kai da za ka zo bayana, ɗebi samfuri daga kowace mota kafin ta kai bakin inji, ka rubuta rana da danshi da zafin da aka sa. Umarnin da ya shafi rayuwar iri, nemi a ba ka a rubuce, ko ka rubuta da kanka a littafin aiki nan take.

Sauran ba su da tsawo. Kada ka toshe iri a mazubin da iska ba ta shiga sai ya bushe sosai. Farare da koraye a sheƙe su tun wajen tacewa, don su ke fara ruɓewa. Ka riƙe ƙa'idar Harrington: duk kashi 1 da danshi ya ragu, ko digiri 5 da zafin ɗakin ajiya ya sauka, rayuwar iri kan ninka. Idan sakamakon sabon iri ya zo ƙasa, sake gwadawa bayan makonni kafin ka yanke hukunci, amma yi tetirazoliyam tun a ranar farko.

Buhunan bara suna nan a ɗakin ajiya, kuma na ji ana maganar haɗa su da na bana a sayar. Na rubuta a jikin kowanne cewa ba na shuka ba ne. A kai su matsar mai. Manomin da zai saya ya riga ya biya kuɗin lasisi, ya gyara gona, kuma ba zai gane abin da aka sayar masa ba sai lokacin shuka ya wuce.